Baba Iro da Bukkar Bakin Dam

Duk wanda ya san kakanmu Baba Iro ya san ba ya cewa "mu tafi". Da an gama cire albasa a Kura, zafin bazara ya kankama, sai kawai ka gan shi a ƙofar gida da malfarsa, buta a hannu, tabarma a hammata. Ko gaisuwa ba ya amsawa. Haka zai zauna har sai kowa ya ɗaure kayansa an nufi bakin dam ɗin Tiga, inda mahaifinsa ya kafa wata bukka tun lokacin da ruwa ya ci tsohon ƙauyensu. A can babanmu ya koyi iyo, a can mu ma muka koya. Shi kuwa tsohon, ko idon sawunsa ruwa bai taɓa wucewa ba.

Amma fa kullum yana bakin gaɓa da fatsa, kuma ban taɓa ganin ya kamo ko ɗan tsako na kifi ba. Da yamma sai ya lallaɓa wurin masunta ya dawo da tarwaɗa a rataye, yana tafe yana ƙasaita. Wata rana na ce, "Baba, yaya tarwaɗar da ka kama yanzu har an riga an farke mata ciki?"

Ya harare ni ya ce, "Amarya, kifin nan ya san ni. Shiryawa yake kafin ya fito."

Bukkar kuwa rufin ciyawa ce, ya hana a taɓa ta. Baffa Sani, ƙanin babanmu, ya taɓa sayo kwanon rufi, Baba ya ce shi ba burodi ba ne da za a gasa shi. A shekarar ne ruwan farko na damina ya riske mu a can, ya yi ta tsiyaya a kanmu, yara suna kuka, garin tuwo ya jiƙe. Baffa ya ce, "To Baba, ka gani ko?"

Ya ce, "Ruwa muka zo gani. Ya taso har ɗaki ya gaishe mu, kuma ku ce ya yi laifi?"

Ranar da hankalinmu ya tashi ita ce ranar da wani Alhaji ya zo daga birni yana son sayen wurin ya gina masauki. Iyayenmu har sun fara ƙus-ƙus, don a lokacin taki ya yi tsada. Mu jikoki muka yi tsuru-tsuru. Baba ya sa aka soya wa baƙo kifi, ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Alhaji, na yarda. Sai dai ni ɗan tsaro ne, mai wurin yana ciki." Ya nuna tsakiyar ruwa da sandarsa. "Gidanmu na can ƙasa, daidai kututturen can, kakana ma can yake kwance. Shiga ka nemi izini, ina nan ina jiranka."

Alhajin ya yi dariya har da hawaye, ya tafi bai sake dawowa ba.

Bara jikinsa ya yi tsanani, likita ya ce kada ya yi tafiya. Babanmu ya faɗa masa a hankali. Baba ya ce, "Likita ya yi gaskiya. Ai ba tafiya zan yi ba, ɗaukata za ku yi." Haka aka kwantar da shi a bayan motar albasa. Da muka isa ya ce a miƙo masa jaririyata, ya ɗebi ruwa da hannunsa ya shafa mata a ƙafa, ya ce, "Ke ma kin zo gida."

Da damina ya rasu. Allah ya jiƙan Baba Iro, ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi ruwan Alkausara.