Babur Ɗin Ɗan Haya

Gidana na Gyaɗi-Gyaɗi yana da shago ɗaya a jikin soro. Tun rasuwar mai gidan nake ba ɗalibai hayarsa, masu koyon aikin jinya a babban asibitin da ke kusa da mu. Sun zo sun wuce da yawa, wasu har fuskarsu ta ɓace mini. Amma akwai wani dogo mai sanyin magana, mutumin can gabas, wanda nake kira Likita, shi kuma kullum yana ce mini bai kai ba tukuna. Shi ne mai babur.

Wata rana da hantsi ina tsakar gida ina matsar tunkuza, don sana'ata ke nan, ƙuliƙuli da man gyaɗa, sai ya yi sallama da jaka a kafaɗa. An yi masa waya mahaifinsa ba lafiya. Ya turo babur ɗin cikin soro, ya kafe shi a jikin bango, ya sa mini makulli a tafin hannu.

"Inna, ga amana. Bayan Sallah zan dawo in ɗauka."

Na yi wa mahaifin nasa addu'a, na ƙulle makullin a bakin zanena.

Sallah ta zo ta wuce. Wata ta zo, ita ma ta wuce. Lambar wayarsa ta daina shiga. Wani abokin karatunsa ya zo ya kwashe masa littattafai, ya ce mahaifin ya rasu, ƙanne sun dawo hannunsa, karatu ya tsaya. Bai ambaci babur ba, ni ma ban ba shi ba, tunda ba shi ya damƙa mini ba.

Ni dai ban yi boko ba, ban san abin da ke cikin inji ba. Amma na san ƙarfe. Na san wuƙa in aka yi watsi da ita da damina tsatsa ce ke cin ta, in aka shafa mata mai sai ta zauna lafiya. Saboda haka duk ranar da na yi suya sai in ɗebi mai a murfin kwano, in sa tsumma, in bi babur ɗin nan gaɓa gaɓa, daga tanki har sarƙa har salansa, sannan in lulluɓe shi da tsohon bargo. Masu sayen gwangwan sun yi ta leƙowa suna tayawa. 'Yata da ke aure a Unguwar Gano ta sha cewa a fitar da shi, ko buhun gyaɗa ba ya shiga gidan sai an karkata. Na ce ya zauna. Haka muka yi ta tafiya shekara da shekaru, ni da shi.

Ran nan sai ga 'yar tawa da waya a hannu, ta ce in karɓa. Ashe Likita ne, ya yi ta cigiya har ya samo lambarta. Ya ce ya ƙarasa karatun a can wajensu, ya samu aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye, kuma ƙarshen wata zai shigo Kano karɓar wasu takardunsa. Can a ƙarshe, kamar mai jin nauyi, ya ce, "Inna, ko babur ɗin nan yana nan kuwa?"

Na ce, "Yana nan yadda ka bar shi."

Da cikakken baki na faɗa. Sai da na miƙa wayar na zauna, sannan zuciyata ta ce mini: da ƙafarsa babur ɗin ya zo gidan nan, yana kuka yana hayaƙi. In an ce yadda aka bar shi, to da ƙafarsa ya kamata ya fita.

Na aika Tarauni aka kira mini wani bakanike, jikan wata ƙawata ne da ta rasu. Magidanci ne da 'ya'yansa, amma har yau amarya yake ce mini, irin wasan jika da kaka. Ya yaye bargon, ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago.

"Amarya, wannan babur ne ko ƙuliƙuli?"

"Duba mini ciki, ka bar surutu."

Ya kwance kujerar ya ɗaga. Ni ban taɓa ɗaga ta ba, don abin da ke rufe a kayan mutum ba nawa ba ne in buɗe. Abin da na gani a nan ba na so in sake gani. Sheƙar ɓeraye ce, cike da ɓawon gyaɗa da tsummoki. Ƙamshin man da nake shafawa ne ya kira su, suka tare, suka hayayyafa. Sun rarake soson kujerar ta ƙasa, sun cinye wayoyin wuta sai guntaye. Fetur ɗin da ke cikin tanki ya bushe ya zama kamar ƙaro. Tayoyi sun tsattsage ta gefen bango inda idona ba ya kaiwa. Zanzaro ya yi gini can cikin salansa.

"Kin yi wa ɓerayen unguwar nan hidima," in ji shi. "Ci da sha da wurin kwana, kuma ba kuɗin haya."

Na zauna a kan buhu. Da ya dubi fuskata sai ya bar dariya. Ya durƙusa ya danna kik ɗin tayar da inji da hannu a hankali, ya kara kunne, ya sake dannawa.

"Inna," ya ce, ranar ce kaɗai ya kira ni haka, "injin bai kafe ba, yana juyawa. Ƙarfen kuma ko ɗigon tsatsa babu. Zai tashi, in sha Allahu."

Ya tura shi har garejinsa. Na sayar da tunkiyata don aikin. Daga ranar kuma kowace safiya sai in hau adaidaita in tafi Tarauni, in zauna a benci ƙarƙashin darbejiya da carbina. Abokan aikinsa suka riƙa cewa amaryar oga ta zo gadin miji. Na ce mijin nawa ko a ƙafa aka ɗaura mini shi kwancewa zan yi, babur nake gadi.

Sau biyu muka saɓa da shi. Akwai wata lotsawa a gefen tanki, tun Likita yana nan take. Bakaniken ya ce zai buge ta ya fesa sabon fenti, babur ya fito kamar sabo daga kwali. Na ce a'a. Abin da ya lalace a hannuna shi za a gyara, abin da mai shi ya bari a bar masa, wa ya sani ko yana da labarin da yake tunawa da ita. Sannan na ga yana jefa tsofaffin kayan da ya cire cikin tarkacen gareji. Na ce ya tsince mini su.

"Amarya, mataccen fulogi ne fa. Miya za ki yi da shi?"

"Mataccen fulogin wa?"

Ya nemo buhu. Duk abin da aka cire, har guntayen waya, a ciki aka zuba.

A zaman nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Na ga ya zuba fetur da ƙananan notoci a tanki yana girgizawa kamar mai kaɗa nono, har dattin ya saki. Na ga ya warware kafireta a cikin kwano, abubuwa ƙanana kamar tsakin gero, yana zura siririyar waya a wani rami yana hurawa da baki. Na ga baƙin mai ya fito daga cikin injin da kauri kamar kunun kanwa. Wayoyin ne suka fi ba shi wuya, don ɓerayen ba su bar masa abin da zai gane wace ke zuwa ina ba. Sai da ya jingina wani babur irinsa kusa, yana duba wancan yana ɗaura wannan.

Aka sa sababbin tayoyi, aka gyara birki, aka jiƙa sarƙa a kananzir har danƙon da ke jikinta ya narke, mai ɗinkin kujera ya yi nasa aikin. Aka zo tayarwa, babur ya ƙi. Ya buga kik har gumi ya jiƙa masa riga, sai dai injin ya yi tari ya yi shiru. Haka na koma gida ranar, babur bai tashi ba. Washegari ma haka, ga wata yana ta ƙarewa. Sai a rana ta gaba, da ya sake sauke tanki, ya tarar da wata waya guda da haƙori ya taɓa ta ciki, fatarta lafiya, cikinta a yanke. Ya canza ta, ya yi bisimilla, ya taka.

Ya tashi. Ya yi kuka irin wanda na saba ji a ƙofar gidana kowace safiya a da. Da salansa ta ɗau zafi sai man da na yi shekaru ina shafa mata ya fara ƙonewa, garejin nan gaba ɗaya ya game da ƙamshin suya. Mai faci na gefe ya leƙo yana tambayar wa ke rabon ƙuliƙuli. Kowa na dariya, ni kuwa hamdala kawai nake yi.

Amma na ce tashi daban, tafiya daban. Na sa ya hau ya kai shi gida, ni kuma na bi shi a adaidaita, na ce wa direban kada ya bari ya ɓace mana. Na ga ya tsaya inda ake tsayawa, ya ba da hannu ya karya kwana, ya shiga lungunmu ba tangarɗa.

Likita ya iso ana gobe wata zai ƙare. Ya yi jiki, ya tara gemu. Bayansa ga mai kurar ɗaukar kaya yana jira a ƙofar gida, wai ya ɗauko shi ne don a loda babur ɗin a kai inda za a ga ko akwai abin da za a mora. Bayan mun gaisa na yi masa ta'aziyyar da ban samu yi ba, sai na zaunar da shi na ba shi labarin mai da ɓeraye, ban rage komai ba. Na tura masa buhun tsofaffin kayansa, na miƙa masa makulli.

Ya daɗe yana kallon babur ɗin. Ya shafa tankin, ya hau, ya taka sau ɗaya, ya kama. Ya kashe, ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce tsakanin gidansa da asibitin da yake aiki tafiya ce mai nisa, in damina ta sauka mota ba ta shiga, a ƙasa yake zuwa. Ya fara maganar abin da na kashe, na ce wannan tsakanina da ɓerayena ne. Ya fita ya sallami mai kura.

Bayan azahar ya ɗaure buhun a baya, ya turo babur ɗin waje, ya durƙusa ya yi mini sallama, ya hau ya tayar. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin kukan injin yana nisa, har ya gauraya da na sauran ababen hawa a titi, na kasa bambance shi. Na koma ciki. Sai a lokacin na ji wata irin yunwa, na zauna na cinye ɗumamen da ke tukunya tas.