Ƙofar Hagu

A bakin garejin Lukuman bakanike, nan Zongo, akwai wata tsohuwar mota Moris baƙa ƙirar Ingila, ta sha sabon fenti. Lukuman ba ya gajiya da ba da tarihinta: wani likita ne ya fara hawanta a Kumasi, ta koma hannun wani Alhaji mai goro, sannan ta yi shekara da shekaru ƙarƙashin mangwaro, kaji na ƙwai a ciki. Sitiyarinta a dama yake, shi ya sa duk wanda aka ce ya shiga a ɗana shi, ƙofar direba yake buɗewa, mu yi ta dariya.

Yau ga wata dattijuwa tafe da ƙunshin atamfa. Siririya ce, gyalenta ya koɗe amma ya sha guga. Tana tsaye tana kallon motar har Lukuman ya ce, "Mama, in rage miki hanya?"

Ita kam ba ta yi kuskure ba. Kai tsaye ta zagaya ƙofar hagu, ta ɗan ɗaga ta kafin ta ja, kamar wadda ta san ciwonta. Ta zauna, tana shafa wani tabon ƙuna a katakon gaba.

"Gobe zan kankare shi," in ji Lukuman.

"Bar shi, ɗana. Garwashin turare ne."

Ban sani ba ko matar Alhajin ce ko 'yarsa. Na dai ga ta dubi kujerar direba, babu kowa a kai, ta gyara gyalenta.