Ƙwayar da Baba Ya Ce a Kai a Wanke

Shekarar da jinin Baba ya riƙa ƙarewa, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Dogarawa. Mutumin da ke ɗaga buhun albasa shi kaɗai, sai ga shi daga ɗaki zuwa zaure yana haki, tafin hannunsa fari fat. A ƙara masa jini a likita, bayan wata biyu a koma gidan jiya. A Yamai an zura masa tiyo ta baki, an zura ta ƙasa, ba a ga inda jinin ke tsiyaya ba. Lokotoro ya ce saura ƙaramin hanji, tiyo kuwa ba ya kaiwa can.

Ƙanena da ke aiki a Faransa ya yi ta fafutuka har ya ɗauke shi. Can aka ba shi wata ƙwaya, ta ɗan fi kafso girma, da abin ɗaukar hoto a cikinta. Ya haɗiye, aka ɗaura masa ɗan akwati a ƙugu ya wuni da shi, ƙwayar na bin hanji tana ɗaukar hoto. Ranar dawowarsa ta zo ba a gama dubawa ba, aka ce za a aiko da sakamako.

Sati uku, shiru. Baba ya daina zama a zaure, ya daina tsokanar kowa. Wata Juma'a bayan masallaci ya ja ni bayan rumbu.

"Mushe," ya ce, wato malam da Faransanci, haka yake kirana kamar ƴan lakwal, "na yi ɓarna."

Ya zaro gwangwanin man zafi daga aljihu ya buɗe. Ga ƙwayar kwance cikin auduga.

"Cewa suka yi in duba ko ta fita. Ta fita. To wa zan miƙa ma? Lokotoron mace ce, ba ta girmi ƙanwarka ba. In ɗauko abu daga bayan gida in ba ta hannu da hannu? Ko in ba ɗan cikina? Na kasa. Shi ya sa ka ji su shiru, hotunan suna wurina. Ka kai ta Ƙonni mai hoto ya wanke, mu aika musu."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Haba Baba! Mutum ya tsallaka teku neman lafiya, sannan ya dawo da ita cikin aljihu?" Ya rufe gwangwanin ya miƙo mini. Har yau in na tuna na ɗaga masa murya, kunya nake ji.

Ni da nake taƙama da boko, ko kaɗan ban yi shakka ba. Duk hoton da na sani sai an ciro fim an wanke. Ran Asabar na shiga taksi sai Ƙonni, wurin wani mai hoto kusa da tasha. Ya ɗaga ƙwayar ya duba a haske, ya sa farce yana neman inda ake buɗewa, ya tambaye ni daga ina ta fito. Da na gaya masa, ya sake ta kan tebur, ya goge hannu a wando.

"Malam, ni hoton biki da na katin ɗan ƙasa nake wankewa. Ka gwada Sakkwato."

Wallahi saura kaɗan in nufi iyaka. Allah ya taimake ni na fara shiga gidan tarho na kira ƙanena. Ya yi dariya har ya ƙware, ni kuwa ina tsaye ina cika.

"Yaya, babu komai cikinta. Hotunan tun ranar suka shige akwatin ƙugu. Ita ta yarwa ce."

Na ce to me ya hana su magana? Ya ce hotunan dubbai ne, hanji kuma duk kama ɗaya, sai lokotoro ta zauna awoyi tana kallo kada ta tsallake wurin, ga marasa lafiya da yawa a gaban Baba. Amma jiya ya je, an ce masa an sa musu sabon tsari a kwamfuta mai tattara hotunan da suka yi kama, ya ware masu alamar jini, ita kuma ta duba da idonta. Aikin wuni ya zama na ɗan lokaci. An riga an kai kan hotunan Baba. Wani ɗan tsiro ne a tsakiyar hanji, ana iya yanke shi a Yamai, takarda na hanya.

Da na dawo na iske Baba a bayan rumbu, inda muka yi magana jiya. Na gaya masa an gano wurin, za a yi aiki. Bai tambayi aikin ba.

"Ba ni na jinkirta su ba?"

Na ce a'a.

"Ka tabbata?"

Na rantse masa. Sai ya jingina da rumbu, hawaye na bin gemunsa, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da muka binne mahaifiyarsa.

"Ni ba mutuwar nake tsoro ba," ya ce. "Tsorona in tafi, ƙanen nan naka ya ji kunyata ce ta ɓata masa wahalarsa."