Ƙumbar da Aka Iske a Rijiyar Baba

Madawa zuwa Buza

Ana kiran assalatu ranar Laraba na fito daga gida, na bar wa abokin sana'ata rumfar albasa, na nufi tasha raina a dagule. A daren da ya gabata ƙanwata Hadiza ta kira ni tana kuka. Masu haƙar rijiyar da Baba ya sa a gonarmu sun kai gaba bakwai, sai suka iske ƙumba da katantanwa jibge cikin farin dutse. A garinmu kuwa, in aka tono irin wannan a ƙasa, ba a tambayar mene ne, sai dai wa ya binne. Baba ya ce asiri ne, kuma na ƙanensa ne Baffa Idi, wanda suka yi rigimar iyakar gona bara. Ya yanke cewa ranar Juma'a bayan masallaci Baffa zai dafa Alƙur'ani gaban maigari, a kuma cike rijiyar. Wa da ƙane in suka kai ga haka, zumunci ya mutu har jikoki.

Na biya jika biyu da rabi na kuɗin sefa, aka cusa mu cikin wata tsohuwar bas kamar buhunan albasa. Na ce wa direba, "Don Allah taka ta, sauri nake."

Ya ce, "Alhaji, wagga mota ta girme ka. Ka taɓa ganin an kori tsohuwa da gudu?"

Jandarmomi suka tsayar da mu a shinge, suka duba takardun kowa, muka wuce. Da hantsi muka shiga Buza. Na sha shayi da burodi a tsaye, na hau kabu-kabu zuwa ƙauyenmu, gab da Tabotaki.

A gida

Na iske Baba zaune a zaure, fuska murtuk. Abin yana can gefe ƙunshe cikin tsumma, ya ɗora masa dutse. Da sanda ya buɗe mini, ba ya ko yarda ya taɓa. Ina gani murna ta kama ni, domin na san su. Mushe Hamidu, malaminmu na lakol, wato makarantar boko, ya sha kawo irinsu aji a cikin gwangwani.

Na ce, "Baba, wannan ba aikin mutum ba ne. Na teku ne."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Teku? A nan Adar, inda uwarka ke tashi da asuba biɗar ruwan tulu guda? Lakol ɗin nan dai ta gama da kai."

Wallahi na ji zafi, amma na haɗiye. Na ce ya ba ni yini ɗaya, mu je Keita inda Mushe ke zaune tun da ya bar aiki. Ya yarda, ba don maganata ba, sai don ya ji akwai wani malami can mai karya asiri. Muka shirya: nawa malamin tukuna, sannan nasa. Da la'asar na hango Baffa Idi ya bi ta bayan gari don kada ya gifta ƙofarmu. Ya rame.

Hanyar Keita

Alhamis da sassafe muka samu kaminyo, babbar motar kaya, mai ɗauke da buhunan hatsi. Baba ya ƙi shiga da ƙunshin cikin mutane, ya ɗaure shi a jikin ƙarfen mota ta waje. Wata tsohuwa ta tambaya, "Malam, nama ne?" Ya ce, "Ke dai ki yi salati." Ta matsa can nesa, ba ta sake kallonmu ba. Hanya duk duwatsu da gangara, rana kuwa kamar ta sauko ƙasa. Sai da azahar ta gota muka sauka.

Mushe Hamidu ya tsufa, amma bakin nan yana nan. Ya ce, "Kai ne Sule mai barci a bayan aji? Ashe wani abu ya shiga kunnen!" Aka kawo fura mai sanyi. Da ya kwance tsumman ya ɗauki ƙumbar da hannu, Baba ya zabura: "A'uzu billahi! Mushe, kana da iyali!"

Mushe ya yi dariya, ya ce wa Baba, "Malam Abdu, ɗauko sandarka. Zan nuna maka inda aka binne sauran."

Bakin korama

Ya kai mu bayan gari, inda korama ta yanke tudu ta bar gefensa tsaye kamar bango. Ƙasar hawa-hawa ce: ja a sama, toka-toka a ƙasa, a tsakiya kuma wani farin layi mai kauri ya miƙe har inda ido ya tsaya. Da muka matsa, ashe duk ƙumba ce, ɗaya kan ɗaya.

Mushe ya ce, "Tun ba a halicci ɗan Adam ba, teku ya kwanta a ƙasar nan, marar zurfi, mai ɗumi. Waɗannan halittu a gindinsa suke zaune. Dubi na ƙasan nan, ɓawonsu biyu a rufe. Inda suka rayu nan laka ta rufe su. Na saman kuwa ka ga duk a farfashe, a kife. Guguwa ce ta tayar da ruwa, igiyar ruwa ta wanke lakar ta tara ɓawon wuri guda, yadda matarka ke sheƙa hatsi, ƙaiƙayi ya tafi tsaba ta zauna. Sai wata laka ta hau, wata ta hau kanta, nauyi ya danne, farar ƙasar da ke jikin ɓawon ta liƙe su suka zama dutse. Teku ya janye ya bar su. Layin nan shi ne ya bi ta ƙarƙashin gonarka."

Baba ya ce, "Ruwan Ɗufana ke nan?"

"Ya riga shi nesa. Iyakar lissafin sai Allah."

Baba ya bi bangon yana tafiya, ya zaɓi wani dunƙulen dutse da ba tsaga ko ɗaya a jikinsa, ya ɗaga ya maka a kan wani. Ya dare biyu. A tsakiyarsa ga katantanwa a naɗe, lafiya lau. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa ya shafa ta.

Ya ce a hankali, "Idi ko tukunya ba shi iya liƙewa, balle dutse."

Na yi hamdala a raina. Maganar malami mai karya asiri ba ta sake tasowa ba. A gidan Mushe muka kwana, aka yi mana tuwon dawa da miyar kuɓewa, Baba har da neman ƙari.

Juma'a

Kaminyon komawa ya yi faci sau biyu. Ni da na saba zagin direbobi, ranar har jak na riƙe. Muna isa ana fitowa daga masallaci. Mutane sun taru ƙofar maigari, an shimfiɗa tabarma, Baffa Idi ya yi alwala yana tsaye, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

Baba ya ratsa taron, ya ajiye ɓarin dutsen biyu a kan tabarmar da hannunsa. Ya ce, "Maigari, a maida Littafi. Wanda ya bizne abin ga ya riga mu duka, kuma ba a kai shi ƙara."

Sannan ya juya wurin ƙanensa. Ya ce, "Idi, igiyar rijiyarmu ta gaza. Taka tana nan?"

Baffa ya share fuska da hannun riga. "Tana nan, Yaya. Tun bara nike aje da ita."

Asabar na koma Madawa, na iske albasata lafiya. Bayan mako biyu Hadiza ta kira, wannan karon da guɗa: an fasa farin dutsen, ruwa ya ɓullo a ƙarƙashinsa. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Mushe Hamidu da furarsa. Na tambaye ta wa ya fara sha. Ta ce Baba ne ya jawo gugan farko, ya miƙa wa Baffa Idi.