Wuƙar Baffa

Shekarar da aka zaɓe ni shugabar zumuntar mata a cocinmu na Riruwai, kaina ya kumbura har ɗankwali ya so ya ƙi zama. Ba zan ɓoye ba. Tun watan Nuwamba na hana kowa sakat da zancen Kirsimeti. Ni na je Tudun Wada na zaɓo atamfar anko, shuɗiya mai zanen ƙararrawa, ni na shirya sabuwar waƙa, ni na tsara yadda za mu shigo coci layi biyu muna rangaji, masu buga tulu a baya, masu kacau-kacau a tsakiya. A gaba kuwa, ai ba sai an tambaya ba. Ana cikin haka sai ga labari wai wani babban ɗan siyasa zai zo ya yi sujada da mu, har da mai ɗaukar hoto. Wayyo daɗi! Kwana uku ina gwada ɗaurin gwaggwaro a gaban madubi, maigidana yana cewa in dai da wannan zan shiga coci, sai an kira kafinta ya ɗaga ƙofa.

A shekarar ne kuma Baba ya rasu, da damina. Na yi kukana, sannan hidima ta ɗauke min hankali.

Kakanmu bai yi coci ba, bai yi masallaci ba. 'Ya'yansa maza biyu ne. Baba ya bi Almasihu, ƙaninsa kuma, Baffa, ya musulunta ya koma wani ƙauye a bayan dutse yana noma. Tun ina 'yar mitsitsiya, duk safiyar Kirsimeti Baffa ne yake yanka mana taure, don shi da iyalinsa da maƙwabtanmu Musulmi su ci abincinmu hankali kwance. Yakan iso kafin a buga ƙararrawar farko, da babbar riga, wuƙarsa a naɗe cikin tsumma. Baba ya riƙe ƙafafun baya, Baffa ya yi bisimilla. Mu dai mun taso mun ga yana zuwa, ba mu taɓa tambayar yadda aka yi yake zuwa ba.

Ranar Kirsimetin wannan shekarar, aka buga ƙararrawar farko, babu Baffa. Aka buga ta biyu. Na shiga gidan Inna, mahaifiyata, a cikin kwalliya, gwaggwaro yana gogar tabarmar ƙofa, na tarar da taure a ɗaure da ransa yana tuƙa. Na kira wayar Baffa ba ta shiga ba, can garinsu sai an hau tudu ake samun sabis. Ina tsaye ina tsaki, ashe ɗan banzan tauren nan ya miƙo baki ya cafke takardar waƙata. Baiti biyu ya cinye kafin in ƙwato.

"Inna, tara ta gota," na ce. "Baban yara ya iya yanka. Ya yanka kawai mu wuce."

Maigidana har ya ɗauko wuƙar girki, yana sunne kai don kunyar suruka. Inna ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta ɗora a kan igiyar tauren, ta zauna daram.

"In mijinki ya yanka, wa zai ci?"

"Mu mana!"

"Mu kaɗai ke nan. Kwanon gidan Baffanki fa, da na maƙwabta? Kin binne ubanki da damina, yanzu kuma zumuncinsa kike so ki binne da rani?"

"Haba Inna, babban baƙo ne fa zai zo. Ni ce a gaban layi, za a ɗauki hoto."

"Wanda aka haifa yau, hoto ya zo ɗauka? Je ki dubo min ƙanin mijina. Ni da tashi daga nan sai na gan shi."

Wanda ya san Inna ya san an gama magana. Na haye bayan babur ɗin maigidana ina cika ina batsewa. Dole kuma hanyar ta bi ta ƙofar coci. Ga matana nan sun jeru cikin ankon da na zaɓo, mataimakiyata ta shige gaba tana gyara murya, har tana ɗaga min hannu. Allah ya gani, na so in diro. Duk tsawon hanya ina shirya wa Baffa magana a zuciyata: wato da yayanka ya kwanta dama, shi ke nan ka yar da mu?

Muna karya kwanar gidansa duk maganar ta tsere. Yana zaune a kan benci a gindin mangwaro, ya sha farar babbar riga da hula, takalmi a ƙafa, wuƙa a naɗe a kan cinyarsa. Matarsa ta leƙo daga zaure ta ce tun da ya idar da sallar asuba yake nan, ko koko ya ƙi sha.

Na durƙusa na gaishe shi. "Uwata, ke ce?" ya ce, don sunan mahaifiyarsu aka sa min.

"Baffa, lafiya ba ku zo ba?"

"Ba a kira ni ba."

"Kira kuma? Yaushe aka taɓa kiran ku?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa yana jiƙa. "Duk jajibere Yaya yakan hau kekensa ya zo har nan. Ya zauna a bencin nan, ya sha fura, in zai tashi ya ce, gobe akwai aiki. Shi ke nan. Jiya har magariba ina kallon hanya, alhali na san inda yake." Ya gyara tsumman wuƙar. "Sai na ce ko gidan ya sake tsari tunda mai shi ba ya nan. Mutum ba ya ɗaukar wuƙa ya faɗa gidan jama'a ba a neme shi ba."

Kunya ta rufe ni. Duk jajiberen duniya Baba yakan ce mana zai je duba gona, mu kuma mu yi ta yi masa tsiya, wace gona ake dubawa bayan an gama girbi? Ni da na tsara inda kowace mace za ta ajiye ƙafarta, ban san da wannan ba.

"Baffa," na ce, "akwai aiki."

"Gobe?"

"Yau! Yanzu! Inna tana zaune a kan igiya!"

Ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. Mu uku muka hau babur ɗin, shi a tsakiya, ni a kan ƙarfen baya, hannun babbar riga yana marina hagu da dama. A gangaren rafi iska ta fizge gwaggwaron kwana uku, ya tashi sama ya maƙale a kan ƙaya. Maigidana zai tsaya, na ce wuce, tsuntsaye su yi sheƙa. Sai na ɓarke da waƙata da iya ƙarfina, inda taure ya cinye na cike da la-la-la, Baffa yana cewa a yi a hankali kar a zubar da tsoho. Ban taɓa jin daɗin waƙa irin na ranar ba.

Muna shiga gari motocin baƙo suna fita. An ɗauki hoto, ya yi kyau, yana nan a rataye a coci, babu ni a ciki.

Inna tana nan inda muka bar ta, taure ya cinye mata gefen zane. Ta ɗaga kai ta ce, "Malam, ka makara." Ya ce, "Amaryarmu, ai ke ce ba ki aiko ba." Ta tashi daga kan igiya tana goge ido da abin da ya rage na zanen.

Maigidana ya kayar da tauren ya danne gaba, amma ƙafafun baya sai harbi suke. Na tattare ankona na durƙusa a ƙasa na kama su. Baffa ya warware tsumma, ya gyara tsugunno, ya juya wajen gabas. Bai waiwayo ba, bakinsa ne kawai ya faɗi abin da ya saba faɗa duk shekara.

"Yaya, riƙe da kyau."

Hannunsa ya tsaya a sama da wuƙar.

"Na riƙe, Baffa," na ce.