Damanar da Na Karkatar da Ruwan Tafkinmu

Ko na manta da komai a duniya, ba zan manta da damanar da na hana garinmu kifi da hannuna ba. Yau na tsufa, amma duk lokacin da abin ya faɗo mini sai in ji haushin kaina ya dawo sabo fil.

Bayan babban farin nan ne na shekarun saba'in. Ƙauyenmu yana tsakanin Sule Tankarkar da Ɗanzomo. Ba mu da kogi, sai tafki guda wanda wani kwari ke zuba wa ruwa in an yi ruwan sama. Da can tafkin kan kai mu har bazara, muna kama tarwaɗa muna miya. Da fari ya zo sai ya ƙafe ƙaf, ƙasa ta tsattsage, ko ɗan kifi ɗaya bai tsira ba.

Da ruwa ya sake sauka, sai ga wani malamin kifi daga Gumel a kan keke, siriri, mai yawan tambaya. Ya ce za a kawo mana iri daga kogin Haɗeja, amma sai ya tabbatar tafkin zai iya raya 'ya'yansu. Kwana biyu ya yi yana ba mu dariya. Ya jefa ɗan duma a kwari yana duba agogo don ya san saurin ruwan, sannan ya naɗe wando ya shiga ciyawar bakin tafki yana auna zurfi.

Na ce, "Malam, ga ruwa can tsakiya ya fi ƙarfin mutum, me kake nema a ciyawa?"

Ya ce, "Tarwaɗa ba ta zuba ƙwai a zurfi. Nan take zuwa, inda sabon ruwa ya malala cikin ciyawa, ya kai ƙauri, ba ya gudu. In ya zauna nan kwanaki da yawa, 'ya'yan su yi ƙwari, kun yi kifi. In ya janye da wuri, kun ciyar da balbela."

Ya kafa sanda mai zanen fenti, ɗaya zuwa biyar, a tsakiyar ciyawar. Da yake na yi karatun yaƙi da jahilci, dagaci ya ce ni zan riƙa duba ta kowace safiya ina rubuta inda ruwa ya tsaya. Da wannan rubutu nawa malamin zai yi lissafinsa. Ardon Fulanin gefenmu kuma ya yarda a daina shayar da shanu ta wannan bakin, a riƙa zagayawa da su can ɗaya gefen mai taɓo.

To, gonata ce ke maƙwabtaka da ciyawar nan. Duk sanda kwari ya kawo ruwa ya malala, sai ya taɓa gindin gerona. Mutumin da ya ci dusa a bara, kowane karan gero ɗansa ne. Na duba, na sake dubawa, raina ya ɓaci. Wai saboda kifin da ba mu ma gani ba gerona zai yi ja? Wata safiya na ɗauki galma na yi wa kwarin hanya, na miƙe shi kai tsaye zuwa tsakiyar tafki. Na ce a raina, kifi ai ruwa yake nema, ga shi nan na tara masa wuri guda.

Kafin kwana uku ruwan ciyawa ya janye, sanda ta tsaya a kan taɓo. Ni kuwa kullum sai in rubuta uku. Uku, uku, wani lokaci huɗu don kada abin ya yi kama da ƙarya. Kai, wauta ba ta wuce wannan! Ranar kasuwa na aika wa malamin da takardar.

Ya yi lissafi ya ga wurin ya yi. Sai ga shi da mota da garewani cike da tarwaɗa masu ƙwai. Dare ɗaya kafin nan an yi ruwa mai yawa, ciyawa ta sake nutsewa, hanyar da na haƙa ta ɓuya. Mata na guɗa, aka sake kifin. Washegari ruwan ya bi hanyata ya tafi.

Da ya dawo bayan makonni da 'yar ragarsa don ya ga 'ya'yan, sai ya tarar da ciyawa a bushe. Ya tsaya ya dubi sandar, ya dubi takardata, sannan ya bi sawun ruwan da ƙafa har bakin gonata. Jama'a sun taru.

Ardo ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Malam, wata guda shanuna na kafewa a taɓo, har maraƙi na rasa. Ina kifin? Ko duman naka ne ya yi ƙarya?"

Aka fashe da dariya. Malamin ya juyo ya dube ni. Jira yake in buɗe baki. Na sunkuyar da kai ina gyara hula.

Sai ya ce, "Ardo, ka yi haƙuri. Lissafin bai fita ba."

Da zai hau keke ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Da ka ce mini ruwa na cin gonarka, da mun yi maka ɗan shinge na ƙasa. Aikin yini ɗaya ne."

Aikin yini ɗaya! Wannan maganar ta fi mari zafi. Manyan kifin aka kame su kafin kaka, babu na baya. Ba a sake kawo mana iri ba, shi ma bai sake zuwa ba. Shekaru mutanen garinmu suna ba da labarinsa suna dariya, ni ma ina zaune cikinsu. Geron da na ceta kuwa bai kai dami biyu ba.

Abin da na koya shi ne, in an ba ka amanar ido, ka faɗi abin da ka gani, ko da bai yi maka daɗi ba. In kuma abu yana cutar ka, buɗe baki ka faɗa tun da wuri. Ni na yi shiru inda ya kamata in yi magana har sau biyu, kuma mutumin da ya cancanci in roƙi gafararsa ban san inda zan same shi ba.