Odell Pettigrew, Wanda Aka Manta a Juya

Ranar Laraba, sha tara ga watan Fabrairu, ina shan kofin safe Verlene ta kira ni ta ce, "Cleon, ɗan'uwanka ya tafi." Mijinta Odell Pettigrew ya rasu a nan Memphis yana da shekara sittin da 'yan kai. Ciwon huhu ne ya kai shi asibiti, kuma huhun ya warke. Gyambon kwanciya ne ya yi ajalinsa. Tun ranar jikina bai daina rawa ba, ina nufin rabin da ke iya rawar.

Odell, kai ka fara yi mini tsawa bayan na faɗo daga rufin da nake gyarawa na karya gadon baya. Kowa lallashina yake, 'yan coci suna kawo burodin masara da soyayyar tarwaɗa suna share hawaye. Kai kuwa ka turo kekenka na guragu har bakin gadona ka ce, "To, sabon shiga, kukan ya isa haka. Ƙafafu sun tafi, ba sa dawowa. Mazauni ya rage maka, shi za ka riƙa lallaɓawa kamar jariri." Ka ba ni madubi mai dogon mariƙi, ka koya mini duba bayana safe da yamma, domin mu da ba ma ji daga ƙugu zuwa ƙasa, nama yana iya mutuwa a jikinmu muna ta sheƙa dariya. Ko muna tsakiyar karta a garejinka sai ka buga tebur: "Ku ɗaga, malalata!" Mu dafa hannun keke mu ɗaga jiki, jini ya zaga. A garejin nan ka gyara kekunan guragun unguwa ba adadi, ladanka kawai a zauna a saurari ƙaryar kifin da ka kamo a kogi.

Fiye da shekara talatin kana zaune a keke, fatarka ko ƙurji ba ta taɓa yi ba. 'Yan makonni a gadon asibiti suka gama da ita. An sa maka na'urar numfashi, an ba ka maganin barci, bakin da ke tuna wa kowa ya yi shiru, aka bar ka a rigingine. Duk sanda Verlene ta tambaya sai a ce mata, "Mun duba, babu ja ko kaɗan." Ja! A jikin Odell, mutumin da yake baƙi wuluk? Kai ka koya mana cewa a fatarmu ba ja ake nema ba, taɓawa ake a ji ko wurin ya yi zafi, ko tauri, ko ya ƙara duhu. Wari ne ya tona asiri. Ina wurin ranar da Verlene ta yaye zanin gadon. Rami na gani a ƙasan bayanka wanda dunƙulen hannu zai shige, har na hangi ƙashi. Daga nan cutar ta shiga jini.

Yanzu Verlene ta ɗauki lauya tana neman diyya. Asibitin sun ce da gyambonka ka zo musu, wai dama guragu ba sa rabuwa da shi. Wallahi maganar nan ta ƙona mini rai. Da safen da aka tafi da kai, zazzaɓi ya hana ka riƙe madubi, ni na duba maka bayanka, sumul yake. Lauya ya ce shaidar matarka ita kaɗai ba za ta yi nauyi ba, sai da tawa.

Ga inda tsorona yake, ɗan'uwa. Ina da tsakuwa a ƙoda, tiyata za a yi mini, kuma asibitin nan kaɗai inshorata ta yarda da shi. Shaida ranar Litinin, kwanciya ranar Alhamis. 'Yata Denetra ta ce, "Baba, kanka ɗaya kuwa? Ka tona musu asiri sannan ka miƙa musu bayanka? Ka ce ka manta mana, ai tsoho ne kai."

Na ce, "Tsoho uban wa?"

Ta ce, "Ubana." Ta fashe da kuka.

Ban ce za su cuce ni da gangan ba. Na ga nas ɗaya tana gudu tsakanin ɗakuna kamar za ta kifa, aikin mutum uku a kanta. Kai ma ai ba wanda ya tsane ka, Odell, mantawa kawai aka yi. Abin da ke tsinka mini zuciya ke nan. Za a sa ni barci, kuma ko na farka ba abin da zan ji, zan kwanta ina gode wa kowa alhali ina ruɓewa. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, to ni ina zan samo ruwan? Na so in bi shawarar Denetra, ba zan ɓoye ba. Amma in na yi shiru, za a rufe maganar a kan cewa kai ka kasa kula da fatarka. Wannan ƙaryar ba za ta bi ta bakina ba.

Allah ya jiƙanka, Odell. Ya gafarta maka, ya hutar da jikin nan da ya sha zama, ya saka maka da alherin da ka yi wa duk gurgun da ya taɓa shiga garejinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka Lamont da Sherita, da jikokinka, da 'yan cocinmu. Allah ya ba ku haƙuri da dangana.

Ke kuma Verlene, Allah ya sanyaya miki zuciya. Ranar Litinin zan zo, zan faɗi abin da na gani. Alfarma ɗaya nake roƙo. In an kwantar da ni, duk wanda ya ce miki Cleon yana lafiya, kada ki yarda. Ki zo ki juya ni, ki sa hannu ki taɓa.